Baƙo da Harajin Makwanci

Shekara talatin dattijon ya yi yana fataucin goro tsakanin Kano da Ikko, bai taɓa biyan kuɗin kwana ba. Gidan fatoma yake sauka a Agege, a ba shi ɗaki da tuwo, idan ciniki ya faɗa fatoma ya cire la'adarsa. Da fatoman ya rasu aka sayar da gidan, ran nan dole ta sa shi kwana a otal.

An ce masa ɗaki naira 20,000 ne, amma da safe ya ga 22,500 a takarda. Ya ce, "Yaro, wannan ƙarin fa?" Akawu ya ce, "Baba, haraji ne, ba namu ba ne." Naira 1,500 harajin VAT ce ta tarayya, wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020. Sauran 1,000 kuwa ta jihar Legas ce, domin a 2009 ta kafa dokar karɓar kashi 5 cikin ɗari daga masu kwana a otal da masu cin abinci a gidajen abinci. Mai otal karɓa kawai yake yi ya miƙa wa hukuma.

Da farko ya ɗauka zalunci ne, domin a tarbiyyarsa baƙo karrama shi ake yi. Amma da ya fito titi ya ga motar kwasar shara da magudanar ruwa, sai ya tuna shi ma ya taka hanyar, ya kuma bar nasa dattin. Ai fatoma ma da la'adarsa yake gyara zaure.

Abu biyu ne suka tsaya masa a rai. Na farko, ya ji yanzu har gidajen mutane ake ba da haya na kwana biyu ko uku. Idan ba a karɓa a can, an tauye mai otal. Na biyu, Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ba shi da ƙuri'a a garin, ba zai kuma zauna ya ga inda kuɗinsa ya shiga ba. Fatoma, idan ya ci amana, a baɗi sai a sauya masauki. Hukuma fa, wa zai tambaye ta?

Ya ninke rasidin ya sa a aljihu, ya nufi tasha.