Samari Huɗu Na Birnin Dablin

Mun sani waɗansu masu karatu za su yi mamaki su ga malamin makarantar ekklesiya yana rubutu a kan kiɗan Turawa, balle irin mai ƙarar nan da ake kira rok. Amma mun daɗe muna sauraron wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Ailan mai suna U2, tun muna samari, muna juya kaset da biro don kada batir ya ƙare. Yanzu kuwa ga 'ya'yanmu suna tambaya ko ya dace mai bi ya ji irin wannan kiɗa. Tambayar ba ta wasa ba ce. Amsarta kuma ta danganta ga faifan da ake nufi, gama mutanen nan sun canja kiɗansu fiye da sau ɗaya, kowane canji kuwa ya jawo musu masoya, ya kori waɗansu.

A shekara ta 1976 ne wani yaro mai shekara 14, Larry Mullen, ya manna takarda a allon sanarwa na makarantarsu ta Mount Temple a birnin Dablin, yana neman abokan kiɗa. Daga cikin waɗanda suka amsa, uku ne suka ɗore tare da shi: Paul Hewson wanda ake kira Bono, shi ne mai waƙa, David Evans wanda ake kira Edge, mai kaɗa jita, da Adam Clayton mai jita mai babbar murya. Larry shi ne mai ganga. Ba wanda ya iya abin kirki a cikinsu. Mu malamai mun san irin yaran nan, zafin rai ya fi gwaninta yawa. Da yake ba su iya kwaikwayon waƙoƙin manya ba, sai suka shiga tsara nasu.

Rashin gwanintar nan ce ta haifi sautin da aka san su da shi. Edge ba ya yawan gudu da yatsu a kan tsirkiya. Yakan taɓa biyu ko uku kawai, ya haɗa jitarsa da wata 'yar na'ura mai maimaita kowane sauti bayan ƙiftawar ido, kamar amsa-kuwwa a tsakanin duwatsu. Sai ka ji kamar mutum uku ne suke kaɗawa. Da wannan suka fitar da faifansu na fari, Boy, a 1980.

Faifai na biyu, October na 1981, shi ne ya fi taɓa mu, ko da yake bai kai na gaba kyau ba. A lokacin Bono da Edge da Larry suna cikin wata zumuntar masu bi a Dablin mai suna Shalom, aka kuwa matsa musu su zaɓa tsakanin bin Almasihu da kiɗan rok. Saura kaɗan ƙungiyar ta watse. Ga shi kuma jakar da Bono ya zuba rubutun waƙoƙinsa ta ɓace a Amurka, ba a mayar masa ba sai a 2004. Saboda haka da yawa daga kalmomin a gaban makirfo ya ƙirƙiro su, shi ya sa faifan ya fito kamar addu'ar mutumin da bai shirya ba. Akwai waƙa a ciki da ta shafi jana'izar mahaifiyarsa, wadda ta rasu a 1974 yana da shekara 14. A ƙarshe suka bar zumuntar, suka riƙe bangaskiyarsu, suka ci gaba da kiɗa. Har wa yau akwai 'yan'uwa da suke ganin sun yi kuskure. Mu ba mu gani haka ba.

A 1983 suka fitar da War. Nan ganga ta zama kamar ta sojoji masu maci. Waƙar da ta buɗe faifan tana makokin ranar Lahadi, 30 ga Janairu 1972, sa'ad da sojojin Birtaniya suka harbe mutum 13 a garin Derry. Mahaifin Bono ɗan Katolika ne, mahaifiyarsa kuwa Furotesta, a tsibirin da ɓangarorin nan biyu suke zub da jinin juna, don haka ba wani gefen da zai iya la'anta ba tare da ya la'anci gidansu ba. Waƙar ƙarshe kuma daga Zabura 40 aka ɗauko ta. Shekaru da yawa da ita suke rufe taro: makaɗan su fita ɗaya bayan ɗaya, mai ganga daga ƙarshe, a bar jama'a dubbai suna rerawa su kaɗai cikin duhu, da yawansu ba su ma san kalmomin Dawuda suke maimaitawa ba.

Daga nan suka ɗauki Brian Eno da Daniel Lanois su lura da ɗaukar sauti, kiɗan ya yi faɗi, ya yi sanyi. The Joshua Tree na 1987 ya sayar fiye da miliyan 25, ya mai da su manyan duniya. A cikinsa akwai waƙar da ta jawo gardama a gidajen masu bi, inda mawaƙin ya shaida gicciye sarai, sa'an nan ya ce nemansa bai ƙare ba. Waɗansu suka ce wannan ja da baya ne. Mu dai mun karanta Zabura da Ayuba, mun ga bayin Allah da suka faɗi abin da ya fi haka zafi, ba a kuwa cire su daga Littafi Mai Tsarki ba. Wata ƙungiyar mawaƙan bishara ta Harlem a birnin New York ma ta rera ta tare da su.

Sai dai girma ya fara yi musu nauyi. Faifan 1988 ya sha suka, aka ce sun cika wa'azi da ɗaukar kai. A watan Oktoba 1990 suka tafi Balin, daidai lokacin da Jamus ta Gabas da ta Yamma suke haɗewa, don su fara sabon abu. Can rigima ta tashi. Bono da Edge suna son kiɗan injuna da na rawa, Adam da Larry suna son a tsaya a kan abin da aka sani. Sun kusa rabuwa, sai wata rana waƙar da suka sa wa suna One ta zo musu cikin ɗan lokaci kaɗan, ta sulhunta su. Faifan da ya fito a 1991, Achtung Baby, a ganinmu shi ne mafi kyau duka. Jitar nan mai tsabta ta koma mai kaushi kamar ana saran ƙarfe, muryar Bono ta sauko ƙasa, maganar kuma ta bar laifin gwamnatoci ta koma kan laifin zuciyar mutum: cin amana, mutuwar aure, kwaɗayi. Akwai waƙa guda da Yahuza ne yake magana da Ubangiji a cikinta. Ba ta yara ba ce, amma babban da ya taɓa cin amanar wani zai ji ta a ƙirjinsa.

Abin da ya biyo baya ne ya fi wuyar karewa. A 1993 Bono ya riƙa fitowa dandali da jajayen ƙahoni da farar hoda a fuska, yana kwaikwayon Shaiɗan ya tsufa ya gaji. Ya bayyana cewa ba'a yake yi masa, irin yadda C. S. Lewis ya yi a littafinsa na wasiƙun aljanu. Mun gane nufinsa, amma ba ma ganin laifin uwar da ta ga hoton ta kashe talabijin. Faifan Pop na 1997 kuwa an fitar da shi cikin gaggawa domin an riga an sayar da tikitin yawon kiɗa, su da kansu sun yarda bai nuna ba. Waƙarsa ta ƙarshe kuka ce ga Yesu, amma da kalmar batsa a ciki. Wannan ba ma sa ta a falo.

A shekara ta 2000 suka komo ga sauti mai sauƙi da All That You Can't Leave Behind. A hoton bangon faifan, wanda aka ɗauka a filin jirgin sama na Faris, an gyara wata alama ta zama J33-3, watau Irmiya 33:3. Jama'a suka yi murna, mu ma mun yi. Amma gaskiya tun daga nan suka rage kasada, suka zama kamar manomin da ya sami iri mai kyau ya daina gwada wani. A 2014 suka yarda kamfanin Apple ya zuba sabon faifansu kyauta cikin asusun mutum wajen miliyan 500 ba tare da an tambaye su ba, mutane da yawa suka husata. Kyautar da aka tura maka ta taga ba ta da daɗin karɓa.

A 2023 suka fitar da tsofaffin waƙoƙinsu guda 40 da suka sake ɗauka a hankali, yawanci da fiyano da jitar katako. Muryar Bono ta dushe, ba ta kai inda take kaiwa dā, waɗansu waƙoƙin ma sun fi dacewa da ita haka. A shekarar ce kuma suka fara jerin wasanni a Las Vegas ba tare da Larry ba, domin yana jiyya bayan aikin asibiti, wani makaɗi ɗan Holan ya riƙe masa ganga. Mutumin ya iya ƙwarai, bai kuskure ko bugu ɗaya da muka ji ba. Duk da haka da muka saurara, kunnenmu ya yi ta neman hannun nan mai nauyi na yaron da ya manna takarda a allo.