Marainiya ta Ashirin da Bakwai

A unguwarmu ta New Bell a Duwala, in an ce yarinya ta iya rawa, sai a yi murmushi. In an ce za ta mai da ita sana'a, sai fuskoki su canja. Wannan gado ne daga gida, gama a ƙasar Hausa ana yi wa makaɗi da ɗan rawa liƙi ran biki, amma ba a cika son haɗa zuriya da su ba. Mu Kirista mun ƙara da namu tsoro, muna tunawa da 'yar Hirudiya wadda rawarta ta ci kan Yahaya Mai Baftisma. Iyaye sukan tambaye ni ko rawa zunubi ce. Ni kuwa nakan ba su labarin Michaela DePrince.

An haife ta a ƙasar Saliyo a 1995, ana tsakiyar yaƙin basasa, sunanta na yanka Mabinty Bangura. Tana shekara 3 'yan tawaye suka kashe mahaifinta, ba a daɗe ba mahaifiyarta ta rasu. Aka kai ta gidan marayu. Tana da wata cuta mai sa fata dabbare-dabbaren fari, saboda haka masu reno suka riƙa kiranta 'yar Shaiɗan. Sun jera yara 27 bisa ga yadda suke sonsu, ita ce ta ƙarshe, a abinci da sutura duka.

Wata rana iska ta kawo wata tsohuwar mujalla bakin ƙofar gidan. A bangonta akwai hoton mace mai rawar bale, tsaye bisa kan yatsun ƙafa. Yarinyar ta yage hoton ta ɓoye cikin tufafinta. A 1999 wasu ma'aurata daga Amurka, Elaine da Charles DePrince, suka ɗauke ta ta zama 'yarsu, suka sa ta makarantar rawa.

Bale ba tsalle-tsallen dandali ba ne. Ana fara koyonta tun ƙuruciya, kullum ana horar da jiki sa'o'i da yawa, yatsu su yi kanta, wani lokaci har jini. A can ma an ce mata baƙar fata ba ta dace da wannan rawa ba. Uwar riƙonta takan rina mata kayan rawa da hannunta domin su yi daidai da launin fatarta. A 2012 ta shiga ƙungiyar Dance Theatre of Harlem, a 2013 ta koma ƙungiyar bale ta ƙasar Holan, a 2021 kuma ta Boston. Ta yi wa ƙungiyar War Child jakadanci domin yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita. Ta rasu ran 10 ga Satumba 2024, tana shekara 29.

'Yan'uwa, ban ce kowace rawa tsarkakakkiya ce ba. Mun san abin da ke faruwa a mashaya da dare. Amma Sarki Dawuda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari, matarsa Mikal da ta raina shi ita ce ta sha hukunci. Abin dubawa shi ne wa ake yi wa rawar, da wace zuciya kuma.

A ajinmu na koyon bangaskiya ma akwai yaran da muke ajiyewa a baya: mai tabo a fuska, maraya, wadda karatu yake ba ta wuya amma ƙafarta ba ta kuskuren kiɗa. Kafin mu hana ta, mu zauna mu kalle ta, mu nema mata malamin kirki, mu raka ta wurin koyo. Ubangiji ya ba mu idon gane baiwarsa a inda ya ga dama ya ajiye ta. Amin.