Hunturun Komadugu a bakin yara

Ka ce wa ɗan lakwal a Geskeru ya rubuta maka hunturu, layi ɗaya zai ba ka: "Akwai sanyi da ƙura." Bai yi ƙarya ba, amma ko ɗan Agadas haka zai rubuta. To ina Komadugu a ciki?

Namu hunturun daban ne. Ruwan da aka yi da damana a Kano da Bauci, ta kogunan Haɗeja da Jama'are yake biyowa, yana tafe a hankali. Shi ya sa sama ta ɗauke, gero ya shiga rumbu, amma kogi yana cike maƙil. Lokacin ne tattasai ke nuna.

A hutun Disamba na tara yara goma sha biyu a zauren gidanmu, na hana su kalma biyu: "kyau" da "sanyi". Kowa ya kawo abin da ido, kunne, hanci, harshe ko fata suka gaya masa. Da farko tsit. Sai wata ta ce tattasan da aka shanya ja ne jawur. Wani ya ce leɓɓansa sun tsage, kunu ma zafi yake masa. Wani ya kwaikwayi injin ban-ruwa da asuba, tuf-tuf-tuf. A jami'a irin su "jawur" da "maƙil" amsa-kama muke ce musu, har jarrabawa ake mana a kansu. Yaran nan kuwa a bakinsu suke, ba wanda dai ya taɓa gaya musu ana iya rubuta su.

Yaro ɗaya ya ƙi magana. A bukkokin bakin kwalta aka haife shi, inda mutanen ƙauyukan bakin kogi suka sauka bayan rikicin da ya shigo jihar Difa a 2015. Bai taɓa shiga gonar tattasai ba. Na ce ya je ya tambayi kakarsa. Kashegari ya dawo da jimla biyar, har da ta atishawar da ke kama mata in ana ɗura busasshen tattasai a buhu.

Ƴan uwa ɗalibai, rahotanni sun iya ƙirga mu, amma ba su san ƙamshin garinmu ba. In kun je hutu, ku tara ƙannenku. Kaye ɗaya da biro sun isa. Wanda bai ga kogi ba, ku tura shi wurin tsohuwar da ta gani, tun tana nan.