Daga Gazawa zuwa Gidan Runji: ganye da ɗiyan kifi

Wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gazawa, ya yi yamma, zai ratsa Agye da Cadawa, ya gitta Maraɗi da Tibiri, kana ya isa Gidan Runji. Da Gazawa cikin gundumar Agye take. A shekarar 2011 aka ba ta gundumarta.

Wannan ƙasa tana da gulabe biyu. Daga gabas akwai Gulbin Kaba mai yawan goruba. Daga yamma akwai Gulbin Maraɗi. Dukansu ba su gudu sai da damina. In ruwa ya ɗauke, sai su bar tabkuna cikin kwari. Nan makiyayi ke shayar da bisashe, nan kuma ake samun tarwaɗa da gargaza.

Amma yawancin tabkunan ba su kai bazara da ruwa. Wanda ya zuba ɗiyan kifi bayan damina, da rana yake tsere. In kifi bai girma ba kafin ruwa ya ƙafe, wahalar ta tafi banza. Abincin kifi na buhu kuwa tsada gare shi.

To, abin da ake nema yana bakin hanya. Wajen Agye da Gazawa ƙasar gero ce da gujiya. Akwai dusa, akwai tunkuza. Cikin gulbin Maraɗi kuma ga garake cike da zogala. Busasshen ganyenta wajen kashi 1 cikin 4 abinci ne mai gina jiki.

Masana sun gwada. A shekarar 2003, a jami'ar Hohenheim ta ƙasar Jamus, an ba ɗiyan gargaza abinci mai garin zogala. Da aka sa kaɗan, sun girma daidai da sauran. Da aka yawaita, girmansu ya ja baya, don ganyen yana da ɗaci da wasu abubuwa masu hana narkewar abinci. A Masar kuma, a 2006, an ga tafarnuwa kaɗan cikin abinci tana ƙara wa gargaza girma da lafiya.

Ashe ganye mahaɗi ne, kamar daddawa cikin miya. Ga yadda ake yi. A shanya zogala cikin inuwa, a daka, a tankaɗe. In an auna dusa da tunkuza tiya 9, sai a sa zogala tiya 1. Kada a wuce haka. A kwaɓa da ruwa kaɗan, a murza ƙanana daidai bakin kifi, a shanya. A ba su safe da marece, wuri ɗaya. In sun rage, gobe a rage musu, don abincin da ya ruɓe yana ɓata ruwa.

Sai hattara: ba kowane ice ba ne. Ɓawon aduwa da majimfa guba ne ga kifi. Da su masunta ke bugar da shi. Kafin a gwada sabon ganye, a nemi shawarar ma'aikatan ruwa da daji na gunduma. A fara da ƙaramin rami, a ga yadda ya yi.

Tabki na kowa ne. Mai kifi da mai shanu su zauna gaban maigari, su raba mashaya da wurin kiwo tun ruwa bai janye ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.