Motar da na rufe wa ido

Mai karatu, in dai kai ma'abocin littattafan soyayya ne iri na, to ka san wurin nan: saurayi ya buɗe wa budurwa ƙofar mota, ta shiga, sanyin esi da ƙamshin turare su ka yi mata maraba, ta lumshe ido. A fim ma haka ne, gilashi a rufe, kiɗa na tashi, ba mai gumi. Ban taɓa karanta inda marubuciya ta ce esin ya yi gardama ba. To ni nawa ya yi, har ya kusa sa mahaifiya ta ta daina zuwa asibiti.

A 2018 na sayi motar, kwatano ce 'yar Amurka, bayan na shekara biyu ina zubin adashe. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don za ka ga laifin ba nasu ba ne. Ran da na kai ta gida Janfalan a sa mata albarka, ƙane na ya shige gaba ya na ta latse-latse, sai ya ga lamba 72 ta na haske kusa da wani maɓalli mai rubutun AUTO. Ya ce, "Yaya, wannan in ta kai digiri saba'in da biyu ai dafa mu za ta yi." Na yi dariya irin ta wanda ya sani, alhali ni ma ban sani ba. Sai daga baya na ji cewa Amurkawa da ma'aunin Faranhait su ke auna zafi, kuma 72 ɗin su shi ne wajen 22 a namu na Salsiyas.

Gardamar farko da hunturu ta zo. Na ɗauko Kawu da asuba za mu Zariya, ana sanyin nan na Disamba mai fasa leɓe. Na danna AUTO saboda sabo. Shiru, ko fanka ba ta motsa ba. Na ce a rai na shi kenan, an sayar mani da gawa. Mun fara nisa sai ga iska mai zafi ta na hura mana ƙafafu, haɗe da ƙaurin ƙura. Kawu ya ɗage ƙafa ya na salati: "Kai yaro, tsaya! Wuta ce!" Mu ka tsaya a gefen wata gonar rake kafin Maƙarfi, mu ka buɗe bonet, mu ka leƙa ƙasa, babu ko hayaƙi.

Ashe aikin ta ta ke yi. Ni a tunani na esi sanyi ne kawai, ita kuwa abin da na gaya mata shi ne ta riƙe cikin mota a 72. In waje ya fi haka zafi ta sanyaya, in ya fi haka sanyi ta ɗumama. Zafin kuma daga ruwan injin ta ke ɗebo shi, shi ya sa ta yi shiru da farko, ta na jira ruwan ya yi ɗumi don kada ta watsa mana iska mai sanyi. Har yau Kawu bai yarda ba. Ya ce motar da ke kunna wuta da kan ta ba motar arziki ba ce.

Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba da bazarar 2019 ya zo.

Inna na da hawan jini, ga kuma ƙirji da ba ya son sanyi. Likita ya sa mata ranakun zuwa asibitin koyarwa na Shika, ni ke zuwa in ɗauko ta, mu bi ta Maƙarfi mu fito Tashar Yari mu hau babban titin Kano zuwa Zariya. Tafiya da safe ba laifi. Dawowa ce matsalar, tsakar rana, cikin Afrilu, lokacin da kwalta ke ƙyalli kamar an zuba mata ruwa. In na bar ta a AUTO, sai ta fara da ƙarfi, can kuma fankar ta lafa kamar ta gama aiki, alhali rana na dukan Inna ta gilashin baya, gumi na bin goshin ta, ta na fifita da gefen mayafi. Za ka ce me ya hana in ƙara sanyin da hannu? Na yi. In na murɗa har lambobin su ka ƙare ta nuna LO, sai ta sako sanyi kamar na firjin mai ƙanƙara ba sassauci, Inna ta kama tari. In na sauke gilashi, iskar waje kamar daga bakin tanda. Haka mu ke tahowa, ina murɗawa ina mayarwa, rabin hankali na a kan maɓalli, rabi a kan tirelolin hanya.

Ran nan mun iso gida, ta sauko da ƙyar ta dafa ƙofa, jiri na ɗibar ta. Da ta huta ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, amma na yafe wannan asibitin. Maganin da za a sha wannan wuya kafin a karɓo shi, a bar shi." Ka san tsofaffin mu, in sun faɗi magana a hankali, to sun gama shawara. Ranar ganin likita ta gaba ta zo ta wuce, Inna ta ce ba ta jin tafiya.

Sau biyu ina kai motar wurin wani mai gyaran esi, sau biyu ya na ƙara mata gas. Ya kan gwada ta a ƙarƙashin inuwar mangwaron garejin sa, ta yi sanyi lafiya lau, ya kalle ni kamar na zo da sharri. A zuwa na uku ya ce, "Alhaji, wannan kwamfutar ce ke wahalar da kai. Bari in yi maka dairek, in haɗa kwamfaresa da maɓalli guda, ka danna sanyi, ka kashe shiru." Wallahi saura kaɗan in yarda. Kuma ban ga baiƙen sa sosai ba, domin a garin da ba kowane gareji ke da na'urar karanta kwamfutar mota ba, dairek ya fid da mutane da yawa daga kunya. Abin da ya tsayar da ni shi ne tunanin cewa dairek ɗin nan ai LO ce ta dindindin, wato tarin Inna kenan.

Wani abokin aiki ne ya kwatanta mani wani dattijo mai gyaran wayarin a Zariya. Ya saurare ni har na gama, bai taɓa ko sifana ba. Sai ya leƙa ta gilashin gaba ya ce, "Malam, wa ya shimfiɗa wannan?"

Kafet ɗi na ya ke nufi. Ka san shi, mai karatu, wataƙila akwai irin sa a motar ka: jan kafet mai geza da mu ke rufe dashbod da shi don kada rana ta fasa robar. Ni na saya da kuɗi na satin da na sayi motar, na ɗora kwalin tishu da hula ta a kai. Dattijon ya yaye shi. Can kusa da gilashi sai ga wani ɗan baƙin ƙululu, bai fi kan kwalbar lemo ba.

"Wannan idon ta ne," in ji shi. "Da shi ta ke ganin rana. Kai ka rufe mata shi, tun ran da ka saye ta a dare ta ke tafiya."

Ya yi mani bayani dalla-dalla. Motar ba ta jin abin da fatar mutum ke ji, sai abin da 'yan na'urorin da su ke kira sansa su ka gaya mata. Akwai wannan ta saman dashbod mai auna ƙarfin rana. Akwai wata a gaba wajen bamba mai auna zafin waje. Akwai kuma ta cikin mota. Ya nuna mani wasu 'yan ramuka kusa da sitiyari, daidai gwiwar direba, inda ta ke shaƙar iska ta ji ko an kai 72. Wannan hancin a inuwa ya ke, kusa da inda sanyi ke fitowa, saboda haka shi ke fara jin daɗi ya ce aiki ya yi. Idon ne ya kamata ya ce a'a, rana na dukan mutane, a ƙara. Tunda ido a rufe ya ke, ba mai musa wa hanci. Shi ya sa a inuwar mangwaro da kuma da dare ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ya hura ramukan, ƙurar hunturu ta tashi. Ya ciro matatar iska daga bayan akwatin da ke gaban fasinja, ta yi jawur kamar an tono ta a gona.

Ya kuma hana ni wata ɗabi'a da na san kai ma ka na yi: shiga mota mai zafi a murɗa zuwa LO wai don ta yi saurin sanyi. Ya ce muddin cikin ya yi zafi sosai, ko a 72 ka bar ta da iyakar ƙarfin ta za ta fara. Bambancin kawai shi ne a 72 ta san inda za ta tsaya, a LO kuwa ka ce da ita kada ta saurari kowa. Gara ka sauke gilasai na ɗan lokaci zafin da ya taru ya fice. Haka in ka taɓa maɓallin fanka, a yawancin motoci fitilar AUTO mutuwa ta ke yi, ta bar maka wannan ɓangaren tunda ka nuna ka fi ta sani.

Daga baya na karanta cewa abin ba sabo ba ne. Tun 1939 kamfanin Packard ya fara sa esi a mota, a 1964 kuma Cadillac ya fito da wanda za ka sa wa lamba ya riƙe da kan sa. Fiye da shekara hamsin kenan kafin in shimfiɗa nawa kafet. Duk da haka ina da ƙorafi guda: wanda ya ɗora idon a nan bai taɓa ganin abin da ranar Ikara ke yi wa robar dashbod ba. Da ya gani, da ya san dole sai mun rufe.

Ban jefar da kafet ɗin ba. Dattijon ya ɗauko reza ya yanke masa rami daidai idon, ya ce in sayo labulen gilashi in sa ta gefen da Inna ke zama, domin ko ido a buɗe, daga gaba ya ke kallo, bai san wa ke baya ba. Kuɗin da ya karɓa bai kai na ƙarin gas guda ba.

Shawo kan Inna ya fi gyaran wuya. Sai da na haɗa da ƙanwar ta kafin ta yarda ta sake gwadawa sau ɗaya. A dawowa ina ta leƙen ta ta madubi. Ba fifita, ba tari. Kafin mu kai Tashar Yari barci ya ɗauke ta, carbi a hannu. Da mu ka iso Janfalan na ba ta labarin idon da kafet, ina jiran yabo. Ta dube ni ta ce, "Au, da ma kai ne?" Sannan ta miƙo mani katin asibitin ta ce in duba mata yaushe ne za mu koma.