Notin Da Ya Gagari Ƙarti Uku

Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Daura da kaka, in ya wuce Dambatta ya doshi Kazaure, ba zai rasa gamuwa da amalanken shanu ba, an labta masa dammunan gero yana tafe a gefen titi. Haka abin ya ke a ƙasar Roni da Gwiwa, inda duwatsu da kwazazzabai ke cin ƙafar amalanke. Haka kuma a Babura, can kusa da iyakar Nijar, inda rairayi ke riƙe ta. Tun wajen 1930, sa'ad da ƙasar nan ke cikin Lardin Kano, malaman gona suka fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu. Da shanu suka saba da aiki, sai aka ɗaura musu amalanke. Yau ƙasar tana cikin Jihar Jigawa, wadda aka yanka daga Kano a 1991, ga motoci ko'ina, amma har yanzu amalanke ne ke kai taki gona, shi ne kuma ke kawo hatsi gida.

Ƙafafun amalanke galibi gādon matattun motoci ne. A kan ciro sandar ƙarfen nan da kanikawa ke kira aksul, da ƙafafunta biyu, a ɗora akwati a bisa. Kowace ƙafa tana juyawa a kan boris, noti guda ne babba a bakin sandar ke tsare ta kada ta fita. Wannan noti bai kai dunƙulen hannu ba, amma shi ne ya hana wani manomi na ƙasar Roni barci kwana biyu.

Mutumin nan magidanci ne, ba shi da wata dukiya sai bijimai biyu da amalanke. Ɗaya daga cikin bijiman ma bashi ne, ya yi alkawarin biya da kaka daga kuɗin dakon da zai yi wa mutane. Duk damina amalanken yana yashe a ƙofar gida, ruwa na dukansa, rana na gasa shi. Da aka yi girbi aka ɗaure gero, ya ɗaura shanu ya nufi gona. Bai yi nisa ba sai ƙafar hagu ta shiga kuka, tana rawa kamar za ta fice. Ya komo gida, ya duba, ya ga boris ya bushe ya cinye. Ya tafi Kazaure ya sayo sabo, ya aro sifana, ya ce kafin azahar ya gama.

Ya zare 'yar ƙusar da ke kulle notin, ya kafa sifana, ya murɗa wajen hagu kamar yadda kowa ya sani a ke kwance noti. Ko gezau. Ya taka da ƙafa, ya hau da dukan nauyinsa, shiru. Ya ɗauko guduma ya yi ta dukan sifanar har ta zame, ta kwashe masa fatar yatsu, ta kuma cinye kusurwa ɗaya ta notin. Matarsa ta leƙo daga zaure ta ce, "Maigida, da ka aika wa Sarkin Maƙera." Ya ce, "A kan noti guda? Koma ciki, ba aikinki ba ne."

Kun san halin ƙofar gida, ba a rasa masu ba da shawara. Wani ya kawo doguwar sandar famfo aka zura wa sifanar. Ƙarti uku suka kama, suka ce, "Ɗaya, biyu, uku!" Suka danna har sandar ta lanƙwashe, amalanken ya ɗaga, noti yana nan inda ya ke. Magariba ta yi, kowa ya watse.

Daren nan mutumin bai runtsa ba. Ga gero a gona, gara tana ci ta ƙasa. Ga makiyaya suna jira a kwashe amfani su shigar da shanu kara. Ga mutanen da ya yi wa alkawarin dako sun fara neman wani amalanken, ga kuma mai bashi. Da asuba ya yanke shawara ya sa kurfi ya sare notin, kome ta fanjama fanjam. Bai tuna ba, in kurfi ya wuce noti ya ci haƙoran sandar, to, sai an sayi wata sandar, kuɗinta kuwa ba shi da su.

Ya ɗaga guduma ke nan sai ga Sarkin Maƙera, tsoho mai furfura, ya yi sallama. Ashe matar ce ta aiki ɗansu tun da jijjifi. Tsohon ya tsuguna, ya dubi notin, ya dubi lanƙwasasshiyar sanda, ya ce, "Ɗana, ajiye kurfin nan. Kun yi kokawa da shi wuni guda, amma kun wanke masa fuska kun ga ko wane ne?"

Ya sa aka kawo kananzir da tsumma. Ya kankare busasshen laka da tsatsa da bakin wuƙa, ya goge sarai. Sa'an nan ya sa farce ya bi haƙoran da suka rage a bakin sandar, ya yi shiru. Can ya ce, "Haƙoran nan kwanciyarsu ba irin ta sauran ba ce. Ga kuma wani zane a jikin notin. Ni boko bai ratsa ni ba, kai da ka yi ajin yaƙi da jahilci, duba mana."

Mai amalanke ya sunkuya ya ce, "Baba, wannan ai harafin L ne, wanda a ke rubuta lafiya da shi. Amma me ya kawo lafiya jikin noti?" Ɗansa, yaro ɗan firamare, yana tsaye a gefe, ya ce, "Baba, da shi kalmar hagu ta ke farawa da Turanci." Sarkin Maƙera ya yi dariya har da tafi. Ya ce, "Madalla! Farcena ya faɗa, karatunku ya shaida. Notin nan bahago ne. Jiya ku huɗu ɗaure shi kuka wuni kuna yi."

To, mai karatu, ga bayanin abin. Yawancin noti, in an murɗa shi yadda hannun agogo ke tafiya, ɗauruwa ya ke yi, in an komo da shi baya ya kwance. Amma waɗansu maƙeran motoci su kan juya haƙoran notin ƙafar hagu, domin in ƙafar tana juyawa gaba kada ta riƙa kwance shi a hankali har ta fice a kan hanya. Irin wannan su kan buga masa harafin L. Mai keke ma ya san haka, gama fedar hagu a juye a ke ɗaura ta.

Sanin hanya bai ƙare aikin ba, don akwai tsatsa, ga kuma ƙarin ɗaurin jiya. Tsatsa ƙarfe ne wanda ruwa da iska suka ci. In ƙarfe ya zama tsatsa ya kan kumbura, ya nemi wuri fiye da na da. Tsakanin haƙoran noti da na sanda kuwa wurin bai fi kaurin gashi ba, sai tsatsar ta cika shi, ta haɗe su kamar abu guda. Saboda haka tsohon ya gauraya kananzir da baƙin mai, ya ɗiga a bakin haƙoran. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa gefunan notin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don tsatsar ta tsattsage mai ya sami hanyar shiga. Ya ce a riƙa ɗigawa har dare, gobe ya dawo.

Mutumin ya ce, "Baba, gobe? Gerona fa yana gona!" Tsohon ya ce, "Gaggawar jiya kwana nawa ta rage maka?" Bai sami abin amsawa ba. Wunin nan ya fi na jiya tsawo a gare shi, gama zaman jira ya fi dukan guduma wuya ga mai fushi. Amma ya daure, ya yi yadda aka ce.

Gari ya waye, aka gwada wajen dama, notin ya ƙi. Sarkin Maƙera bai damu ba. Ya sa aka goge kananzir ƙaƙaf, aka kawar da kwalbar nesa, aka lulluɓe taya da jiƙaƙƙen buhu. Wani ya ce a hura wuta a gindin ƙafar, tsohon ya hana. Ya ce wuta kusa da taya mai iska da mai, neman gobara ne da rauni. Sai ya sa gawayi a kasko can gefe, ya zuga, ya gasa waɗansu guntayen ƙarfe biyu masu kauri har suka yi ja. Ya ɗauko su da awartaki ya manna wa notin, in sun huce ya sake.

Hikimar wannan ita ce, ƙarfe in ya ji zafi ya kan buɗe. Sanda mai tsawon mita 1, in zafinta ya ƙaru da digiri 100, ta kan ƙara tsawo da milimita 1 da 'yan kai. Kaɗan ne ƙwarai, amma ya isa. Noti yana waje, shi ke fara ɗaukar zafi, sai ya buɗe tun sandar da ke cikinsa ba ta yi ɗumi ba. Don haka ba a jinkiri in ya yi zafi.

Tsohon ya kafa sifana ta zauna daram, ya zura wata sandar famfo mai tsawon gaba guda. Bai kira ƙarti ba, mai amalanken kaɗai ya sa ya kama can ƙarshenta. Doguwar sanda aikin jigo ta ke yi, iyakar nisan hannunka daga noti, iyakar ƙaruwar ƙarfinka. Ya ce, "Kada ka fizga. Danna sannu, wajen dama." Ya danna. Sai aka ji ƙas! Notin ya motsa kamar faɗin ƙwayar gero. Tsohon ya ce a komo da shi baya kaɗan, a sake gaba, a bari ya huce a ɗiga mai. Da haka, gaba da baya, har ya fito a hannu, haƙoran sandar ko ɗaya bai karye ba.

Sa'an nan aka ɗaga amalanken, aka tokare shi da turmi da gungume don kada ya faɗo wa wani, aka zare ƙafar. Aka sa sabon boris, aka cika shi da giris. Kafin a mai da notin, tsohon ya lakato giris ya shafa wa haƙoran. Ya ce, "Wannan 'yar lakatar, da ka yi ta bara, da ba ka gan ni ba bana." Aka ɗaure wajen hagu, aka mai da 'yar ƙusar makulli.

Mutumin ya kawo kuɗi, Sarkin Maƙera ya ƙi karɓa, ya ce a dai kwaso masa nasa geron in an gama. Kafin sati biyu hatsi ya shiga rumbu. Waɗansu masu dako sun riga sun tafi wurin wani, saboda haka kashi biyu cikin uku na bashin ya iya biya, mai sa ya yi masa haƙurin sauran zuwa rani. Kwana biyun nan ba su tafi a banza ba, sun ci rabonsu.

Da ya huce, ya shiga gida ya ce wa matarsa, "Kin yi gaskiya." Ya kafa wa amalanken rumfar kara a gefen zaure, yana kuma duba giris kowane farkon damina da farkon kaka. Har yanzu tabon sifana yana bisa yatsunsa. In ya ga wani ya ɗaga guduma a kan noti, ya kan nuna masa tabon ya ce, "Tsaya, Malam, wanke masa fuska tukuna." Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu, wanda kuwa ya juya wa gari baya, iyakar saurinsa iyakar nisansa da gida.