Makarantarmu Ta Tafi, Ta Bar Mu

'Yan'uwa matasa, kun ce tsofaffinku ma su rubuto wani abu. To ga namu.

Mu 'yan kwalejin horon malamai ne, masu takardar malanta mai daraja ta biyu. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE a 1976, firamare ta cika da yara, malamai suka yi kaɗan, kwalejoji irin tamu suka tumbatsa. Shekara biyar ake yi bayan firamare, a fito a ɗauki alli. Daga baya aka ce NCE ce ƙaramar takardar da malami zai riƙe. A shekarun 1990 kwalejojin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka mai da su sakandare. Tamu tana ciki, har suna aka sake mata.

Gaskiya, ba mu damu ba a lokacin. Muna ta fama da karatun NCE na ƙarshen mako a ƙarƙashin Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ga aji, ga iyali. Wa ke da lokacin kukan gini?

Sai da ritaya ta zo muka gane abin da muka rasa. Wata 'yar ajinmu, wadda ta ƙare ƙuruciyarta a gaban allo, ruwan damina ya shiga ɗakinta ya lalata takardunta ana gab da tantancewa. Aka ce ta kawo wasiƙa daga makarantar da ta yi. Wace makaranta?

Muka haɗu a Shahuci, a shagon wani ɗan ajinmu mai sayar da littattafai da biro kusa da tasha. Musulmi ne, kuma shi ne mai gadon sama a ɗakin kwanan ɗayanmu shekara biyar. Muka jira ya yi azahar, sannan mu huɗu muka kama hanya. Maigadi ya saurari sunan da muka faɗa, ya ce, "Baba, anya nan ne kuwa?" Ga shi kuwa muna tsaye a inuwar darbejiyar da mu muka dasa. Shugaban makarantar ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ko fayil ɗaya na zamaninku ban gada ba." Ya buɗe mana sito. Gara ta riga mu.

Mukan yi kishin 'yan Kwalejin Katsina. Ita ma ta bar gininta, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, yau ita ce Barewa. Ƙaura ta yi da sunayen 'ya'yanta, suna da ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Mu babu wanda ya gaje mu.

Abin da ya fid da 'yar'uwarmu yana cikin wata tsohuwar adaka a gidan mai shagon nan: takardar bikin yaye mu mai ɗauke da sunan kowa, da hoton aji, ita ce ta uku a layin gaba. Biyu daga cikinmu suka je kotu suka yi takardar rantsuwa cewa tare muka yi karatu. An sha zirga-zirga wata bakwai, amma Ubangiji ya yi jinƙai, fanshonta ya fito.

In akwai ɗan irin wannan kwaleji a gidanku, ku roƙe shi ya fito da takardunsa ku ɗauke su a waya tun kafin damina. Ku ma naku, kada ku ce makarantarku tana nan daram.

Yanzu Asabar ta farkon kowane wata muna zama a benci a gaban shagon nan na Shahuci. Mun sayi babban littafi, muna rubuta sunan duk wanda muka tuna, da garinsu, da lambar wayarsa in yana raye. Mun kai 63. A zaman da ya wuce, mai shago ya ɗauki jan biro ya ja layi a ƙarƙashin sunaye biyu.